Ƙoƙon Buɗe Tukunya

A gidanmu burkutu ba giya ba ne. Haka na tashi na ji ana faɗa. Giya ita ce ta kwalba, da 'yar ledar nan da ake sayarwa a kan tebur tare da taba da ashana. Burkutu kuwa dawa ce, dawar gonarmu, wadda Inna ke jiƙawa ta tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa a manyan tukwane a bayan ɗaki. Abin da aka yi da dawa kuma abinci ne. Wannan shi ne karatun ƙauyenmu, can cikin duwatsu a bayan Ngaski, kuma wanda duk ya zo da wani karatun daban sai a yi masa kallon wanda rana ta taɓa.

Da tukwanen nan Inna ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ni ce babba, sai ƙannena mata biyu da suka yi aure nesa, sai autanmu, namiji tilo. Ba zan zagi tukwanen da suka kai ni makaranta suka saya mini keken ɗinki ba. Amma kuma ba zan ɓoye ba, da idona na sha ganin Inna tana tsoma yatsa a ƙoƙo tana ɗiga wa autan a baki tun yana goye, don ya yi barci ta samu ta yi tata. Duk matan garin haka suke yi, ni ma an ce haka aka yi mini.

Yana da shekara ashirin ya biyo ni Yelwa, inda nake ɗinki. Ya samu babur na haya yana kabu-kabu, yana ɗauko mata masu kifi daga bakin ruwa zuwa kasuwa. Yaro ne mai fara'a da tsokana, matan nan har jiran sa suke yi su ƙi hawa na wani. A Yelwa ba a zama a gindin itace da ƙoƙo kamar a gida, garin Musulmi ne, mai sha ɓoyewa yake yi. Sai ya koma wa 'yar leda, wadda ke shiga aljihu ba wanda ya gani. Ni da nake kwana gida ɗaya da shi ma sai da ya shekara biyu a ciki kafin na farga, ina can na duƙufa a kan keke ina yabon kaina cewa na fitar da ƙanena daga ƙauye.

Ya kayar da wata mata da kwandon kifinta, mai babur ya karɓe abinsa. Ya rame, idonsa ya yi ja. Da safe in na miƙa masa koko sai ya kama kofin da hannu biyu, duk da haka rabi a ƙasa yake ƙarewa. Na yi faɗa, na yi zagi, na yi kuka, na kai shi wajen fasto aka ɗora masa hannu. Da na ga duk a banza, sai na yi dabarar da nake ganin ta masu hankali ce. Na kulle shi a ɗaki na sa kwaɗo, na ce ba zai fito ba sai abin ya fita daga jininsa.

A rana ta biyu, da azahar, na ji yana ihu wai kifaye na hawa bango suna faɗo masa. Kafin in buɗe ƙofar ya faɗi yana jijjiga, ya ciji harshensa, jini har wuya. A asibitin Yelwa wani ma'aikaci ya dube ni ya ce wanda jikinsa ya saba da giya haka ba a yanke masa ita rana ɗaya ba tare da magani ba, na kusa kashe shi da hannuna. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce na wanke kaina na shafa wa wasu. Ni ma na yi nawa jahilcin. Bambancina da mutanen gidanmu shi ne da aka gaya mini na ji.

Daga nan aka tura mu wani babban asibiti, tafiyar yini guda a mota, sashen masu taɓin hankali da masu shaye-shaye. Sati shida muka yi. Ni na rufe shago na shimfiɗa tabarma a baranda tare da sauran masu jinya, yawancinmu mata, iyaye da yayye. Kowace Laraba wata ma'aikaciya, 'yar gajeriya mai tabarau, takan tara mu a wani ɗaki ta yi mana bayani. Ita ta koya mana cewa fita daga asibiti ba warkewa ba ce, aikin a gida yake farawa, kuma mai irin wannan ciwo babu ɗan kaɗan a wajensa.

"Ko ɗigo," in ji ta. "Ko a biki, ko a cikin magani, ko don kunyar wani."

Na ɗaga hannu na ce, "To, burkutu fa? Na gida, na dawa?"

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "In an sha shi da yawa ana buguwa?"

Na ce ana yi.

"To kin ba kanki amsa. Wa ke dafa shi a gidanku?"

Da na ce mahaifiyarmu ce, sai ta ajiye biro. Ta ce lallai in kawo ta, da duk wani babba da ake jin maganarsa a gidan, su ji da kunnensu. Babban da ake jin maganarsa a gidanmu shi ne Baffa, yayan Baba, wanda ke riƙe da gonarmu tun da Baba ya rasu, kuma shi ke da waya. Na kira shi na faɗa masa. Ya ce shi ba zai taka gidan mahaukata ba, zuri'armu ba ta taɓa yin mahaukaci ba. Na ce ya ba Inna wayar. Inna ta ce, "Na jiƙa dawa, ɗiyata, wa zan bar ma ita? Ke kina nan ai. Abin da anka ce ki hwaɗa muna."

Na faɗa musu. Sau uku na maimaita, har da kiran sunan burkutu. Suka ce sun ji. Kuma sun ji ɗin, irin nasu jin. Baffa ya ɗauki sandarsa ya je wajen mai tebur ɗin ƙauyen, ya ce masa duk ranar da ya sayar wa ɗan ƙanensa 'yar leda to ya tattara ya bar garin. Da labarin ya iso ni har daɗi na ji, na ce ashe tsohon yana da amfani. Maganar burkutun kuwa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, don a wajensu kamar na ce likita ta hana shi tuwo ne, sun ɗauka ni ce ban fahimci likitar ba.

Muka dawo Yelwa. Wata huɗu yaron nan bai sa komai a bakinsa ba. Ya yi kumatu, tsokanarsa ta dawo, ya samu wani mai gyaran injin jirgin ruwa a bakin ruwa yana koyon aiki a wajensa. Akwai ranakun da abin ke taso masa, sai ya zo shago ya zauna kusa da keke yana warware mini zare ba ya magana, ni ma ba na tambaya. Mun yi da shi cewa duk ranar da ya ji haka ya zo inda nake, ko me nake yi. Wahalar da ya sha a watannin nan ni kaɗai na gan ta, shi ya sa abin da ya biyo baya yake ci na har yau.

Damina ta yi tsakiya, Baffa ya aiko cewa ya kira gayya a gonar Baba ranar Asabar. Na ce wa ƙanena ba inda za shi. Ya ce, "Yaya, gonar Baba ce. Maza su taru su yi mana noma ina Yelwa ina wasa da sifana? Da wane ido zan dubi mutane?" Na san gayya ba ta yiwuwa sai da burkutu, shi ne ladan masu noma. Amma na ga yadda yake son ya nuna wa garin ya dawo mutum. Na ce to, tare za mu. Na dafa zoɓo na cika jarka, muka shirya cewa zai yi noma da maza, in an tashi shan ruwa sai ya zame ya zo gefen mata wajena. Har ina jin kaina gwana, na toshe kowace kafa.

Kafa ɗaya na manta, buɗe tukunya. A garinmu ba mai shan burkutun gayya sai mai gona ya fara. Za a cika masa ƙoƙo na farko, ya tsaya a gaban kowa ya shanye, don jama'a su shaida ba a zuba wani mugun abu a tukunyar ba. In mai gona ya ƙi sha, to ya faɗa wa duniya ke nan cewa bai yarda da hannun da ya dafa ba, kowa zai ɗauki fartanyarsa ya tafi, kuma matar da ta dafa ta gama sayar da ko ludayi ɗaya a garin. Tun rasuwar Baba, Baffa ke buɗewa a madadinsa. Shekara da shekaru haka, har na daina ganin abin a matsayin wani abu.

Ranar an yi noma na gani na faɗa. Maza sun fi talatin sun jeru, mai ganga na bin su a baya yana zuga su, ƙanena na can gaba, ƙasa na tashi ta bayansa. Ina tsaye wajen murhu ina kallon sa, zuciyata fal. Da rana ta take aka kira shan ruwa, mata suka ɗauko tukwanen Inna guda uku suka jera a gindin ɗorawa. Na ɗaga jarkar zoɓona ina yi masa alama. Ya gan ni, ya juyo zai taho, sai Baffa ya kama hannunsa.

Baffa ya cika ƙoƙo har yana zuba, ya ɗaga murya.

"Jama'a, kun san abin da anka yi ta hwaɗi ga wanga yaro. Anka ce ya lalace, anka ce an kai shi gidan mahaukata. To ga shi, kun ga aikinai da idonku. Tun da ƙanena ya rasu ni ka buɗe tukunyatai, don ɗanai bai kai ba. Yau ya kai. Zo, ɗana, amshi na ubanka."

Maza suka ɗauki sowa, mai ganga ya buga, mata suka rangaɗa guɗa. A cikin guɗar na tsinci muryar Inna, ta fi ta kowa tsawo. Ban san lokacin da na yar da jarkar ba. Mace ba ta shiga da'irar maza ranar gayya, na shiga, har na taka ƙafar wani.

"Baffa, likita ta ce ko ɗigo! Na hwaɗa maka, sau uku na hwaɗa maka!"

"Ke, mi ya kawo ki cikin maza?" in ji shi. "Giya ta hana shi, kuma na tsare mai giya. Wagga giya ta? Dawar gonar ubanai ta."

"To ka sha da kanka, kamar yadda ka saba."

"Na riga na miƙa. Ƙoƙon da anka miƙa ba shi komawa."

"To ba ni, ni in sha."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce tun da yake bai taɓa ganin mace ta buɗe tukunya ba, sai dai in a Yelwa aka fara. Baffa bai yi dariya ba. Ya matso ya rage murya, amma kowa na ji.

"So kike ɗan gida shi ƙi shan tukunyar uwatai gaban jama'a? Kin san abin da za a ce ma ta?"

Na juya wajen Inna na ce ta yi wa Allah ta yi magana, ita kaɗai za ta iya. Tana tsaye da ludayi a hannu, fuskarta cike da mamakina, kamar ni ce na zo da abin kunyar.

"Ƙoƙo guda na, ɗiyata," ta ce. "Na hannuna na. Ni zan cuci ɗana?"

Duk wannan ana yi ƙoƙon na hannun ƙanena. Bai dubi Baffa ba, bai dube ni ba, Inna yake kallo. Gumi na zuba daga haɓarsa. Na kama hannun rigarsa, ya ce a hankali, "Yaya, bari. Kada a ce Inna ta zuba wani abu." Ya kafa kai. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka har ya ƙare, ya kife ƙoƙon ya nuna wa jama'a babu saura. Aka yi ta tafi.

Abin da na faɗa wa Baffa a wurin ba a faɗa wa yayan uba. Ba zan maimaita shi a nan ba, amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Mata biyu suka ja ni waje. Shi kuwa ƙanena bai ƙara ko kurɓi ba, ya koma ya ɗauki fartanya ya yi noma har la'asar, ya fi kowa. Duk wanda ya wuce ni sai ya ce, "To, ina abin da kika ce zai hwaru?" A mota muna komawa shi ma ya ce, "Kin gani, Yaya, ba komai." Har na fara tunanin ko na zubar da mutuncina ne a banza.

Kwana tara aka yi. A na goma ya shigo yana tsotsar minti, shi da ba ya shan zaƙi. Ya daina zuwa shago ya zauna kusa da keke. Mai gyaran inji ya aiko yana tambaya ko lafiya, kwana uku bai gan shi ba. Ungulu ta koma gidanta na tsamiya, kuma wannan karon ko ɓoyewa bai tsaya yi ba. Na tare shi na ce mu koma asibiti tun da wuri, ya ce, "Don me? A sake gyara ni a sake miƙa mini ƙoƙo?" Bayan sati uku, da tsakar rana, masunta suka zo suka kira ni. Sun same shi a ƙarƙashin wani kifaffen kwalekwale, ya yi amai har da jini, ba ya gane kowa.

Na bar shi a asibitin Yelwa ana ƙara masa ruwa, na hau mota na nufi ƙauye. Na samu Inna a bayan ɗaki tana juya tukunya. Ban gaishe ta ba. Na ce ta ɗauki mayafinta ta biyo ni yanzu, in ba haka ba na rantse gawarsa zan kawo in kwantar mata a tsakanin tukwanen nan ta buɗe su da ita. Mugun furuci ne, na sani, uwata ce. Amma shi ya tashe ta. Ta bar wuta na ci ta biyo ni.

Aka sake tura mu babban asibitin, a can ta ga abin da na gani ni kaɗai a karon farko. Ta ga an ɗaure hannuwan ɗanta a jikin gado da ƙyalle don kada ya fizge allura. Ta ga yana kallon ta yana roƙon ta, a matsayin baƙuwa, ta kore masa abubuwan da ke bin ƙafarsa. Likita ya ce hantarsa ta taɓu, in aka yi na uku ba lallai a dawo da shi ba. Ranar Laraba na kai ta ɗakin ma'aikaciyar mai tabarau. Matar ba ta yi mata faɗa ba, ni kuwa na so ta yi. Ta zauna kusa da ita ta yi mata bayani dalla-dalla, yadda ƙoƙo ɗaya ke tayar da abin da aka sha wahala aka kwantar. Inna ta saurara har ƙarshe, tambaya ɗaya ta yi.

"Har na dawa?"

"Har na dawa, Inna."

Ban ji ta ce ta yi kuskure ba, ni kuma ban sassauta mata ba. Sati biyu muna kwana a tabarma ɗaya a baranda, maganarmu ba ta wuce ga abinci, ga ruwa.

Baffa kuwa ko leƙe. Saƙon da ya iso mini daga bakinsa shi ne wai bakina ne ya kama yaron, na tsaya a gaban jama'a na yi masa mugun fata, ga kuma ledar Yelwa. Ƙoƙonsa dai ba shi da laifi. Har yau ba na gaishe shi. An turo mini dattawa, an turo fasto, ana ce mini babba babba ne, kuma ai don ya ɗaukaka yaron ya yi, ba da mugun nufi ba. Na san ba da mugun nufi ba ne, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Da maƙiyi ne da na san yadda zan tsare ƙanena daga gare shi. Na ce musu abu ɗaya nake jira, ya buɗe baki ya ce burkutu giya ne. Ranar da ya faɗa zan je har ƙofar ɗakinsa in durƙusa.

Da aka sallame mu, ma'aikaciyar ta ce kada ƙanena ya taka ƙauye sai an daɗe, kuma shi da kansa ya yarda. An yi bikin ɗan Baffa bai je ba. An yi rasuwar wata gwaggonmu bai je ba, don a garinmu makoki ma da tukunya ake yin sa. Aka ce ya zama ɗan birni, aka ce na raba shi da danginsa. Ya ji, ya haɗiye, ya koma wajen injinansa. Duk wata muna komawa asibiti a duba shi. Inna ta koma wa tukwanenta. Na ji haushi, amma ko ni da haushina ban san da me zan ce ta ci ba, tsohuwar da tun tana budurwa sana'ar da ta iya ke nan.

Bayan an gama girbi, wata ranar kasuwa, sai ga ta a Yelwa ba sanarwa. Ta zo da garin sabuwar dawa, da kuka, da kaza ɗaure a ƙafa. Rabonta da shi tun asibiti. Na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, na aika bakin ruwa a gaya masa. Ya shigo da gudu, hannunsa duk baƙin mai, yana "Inna! Inna!" kamar ƙaramin yaro. Ya durƙusa a gabanta, ta kamo kansa ta haɗa da ƙirjinta tana shafawa.

Sai na ga bayansa ya sandare. Ya zame kansa a hankali, ya miƙe, ya fita waje. Inna ta bi shi da kallo, hannuwanta na nan a buɗe. Raina ya ɓaci, na bi shi da niyyar in wanke shi tas, tsohuwa ta taso tun daga duwatsu ya yi mata wannan. Na same shi a bayan katanga ya dafa bango da hannu biyu, gumi ya jiƙa masa riga.

"Yaya, ƙamshin na jikinta," ya ce. "Zanenta, hannunta, har gashinta. Na rantse miki in na ƙara minti biyar kusa da ita, yau sai na sha. Ki taimake ni."

Na daɗe ina neman maganar da za ta soki Inna ta ji irin abin da na ji a gindin ɗorawa. Ga ta an miƙo mini, sai na kasa ɗauka. Na koma na tsuguna a gabanta ina ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai na faɗa. Ta ɗaga hannunta ta shinshina, ta shinshina bakin zanenta.

"Ni ban ji komi," ta ce.

Ni ma da na tashi a cikinsa ban ji ba. Ta miƙe ta ce in ba ta sabulu. Ta shiga bayi ta yi wanka, ta fito, ta sake komawa ta yi na biyu, har da wanke kai. Na ba ta zanena da rigata da ɗankwalina, na ƙulle nata a leda na kai zaure. Na kira shi. Ya shigo yana murmushi, yana takowa a hankali, saura taku uku ya isa gare ta sai ya tsaya. Ya girgiza kai, hawaye na zubo masa, ya ja da baya.

Haka suka yi yinin. Ita tana bakin ɗakin girki, shi yana can bakin zaure a kan turmi, faɗin tsakar gida a tsakaninsu. Suna ɗaga murya suna hira, yana tambayar ta akuyarsa ta haihu, tana ba shi labarin wanda dawarsa ta yi kyau da wanda tsuntsu ya cinye wa. Ta tuƙa tuwo da garin da ta kawo, ni na ɗauka na kai masa. Ya cinye ya ce a ƙaro, ta yi dariya ta ce har yanzu cikinsa ba shi da ƙasa.

Da la'asar na raka ta tasha. Ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga mata hannu har muka sha kwana. Sai da ta shiga mota ta zauna, ƙullin kayanta a cinya, sannan ta leƙo ta taga ta kira ni da hannu.

"In kun koma wajen matar nan mai tabarau, ki tambaye ta," ta ce. "In na bar dahuwa, wata nawa za shi ɗauka kahin shi hita jikina?"